Matar Yaya

Ni ce mai girki a gidan da mutanen garinmu Taraz ke kira gidan iyaye mata, in sun so yi mana kara ke nan. In ba su so ba, sai su ce gidan 'yan ƙwaya, su rage murya kamar wani zai kai su ƙara. Sunana Kulpan. Gidan tsohuwar makarantar renon yara ce a bayan tashar jirgin ƙasa, har yau ƙugiyoyin rataye riga suna daidai ƙuguna, amma ɗakunan da ɗumi, kuma ba wanda ya taɓa kwana da yunwa a hannuna.

Da can, in mace ta shiga neman magani, 'ya'yanta gidan marayu ake kai su, ko a rarraba wa dangi, kuɗin riƙo ya bi su can. Uwar ta kwana biyu a asibiti, kewar yara ta ci ta, ta tsallake katanga. Sai wata ƙungiya ta yi tunanin da ya kamata a ce an yi tun zamanin kakata: a bar yaro wurin uwarsa, kuɗin riƙon ya biyo shi nan. Da shi muke sayen madara da takalma da kwal na hunturu. Sharaɗin ɗaya ne, ɗakin na uwa da ɗanta ne. Ran da yaro ya bar gidan, uwar ma ta tattara, don akwai wata a layi riƙe da nata. Mai lura da wannan sharaɗi ita ce Malama Raushan, wata doguwa mai takalmi ƙwas-ƙwas, wadda ba ta taɓa shiga kicin ɗina ta fita ba ta buɗe murfin tukunya ba. Na daina jin haushi, don tana da kirki, kuma ba ta raina abinci.

Ita ta kawo mana Shinar a farkon hunturu. Siririya ce, ba ta kai talatin ba, in tana magana sai ka matso. Ɓari ta yi, bayanta ya riƙe, mai kemis ya ba ta ƙwayar da ta saki bayan ta kama mutum ɗungurungum. Mijinta Sagindik yana can yamma wajen rijiyoyin mai, sai dai ya aiko da kuɗi da gaisuwa. An kwantar da ita a babban asibiti ba sau ɗaya ba, kuma duk kwanciyar da gudu take ƙarewa.

Tare da ita akwai yarinya 'yar shekara bakwai mai jar hula. Ko takalmi ba ta gama cirewa ba ta shigo kicin, hannu goye a baya, ta leƙa buhun fulawa, ta shinshina man girki.

"Sannu da aiki, Gwaggo," in ji ta. "Ni ce Balausa, autar Ulbosin ta ƙauyen Karasu. Wai a wane ɗaki za a sa matar Yayana? Ba ta son mai iska."

Na dubi yarinyar, na dubi Shinar da ke tsaye a bakin ƙofa. Hanci ɗaya, haɓa ɗaya, har yadda suke karkata kai. Ban tambaya ba, wa zai tambaya? A al'adarmu jikar fari ta kaka ce. Tun tana jaririya uwar miji ta ɗauke ta ta sa a ƙirjinta, ta zama autarta, uban ya koma Yaya, uwar ta koma matar Yaya. Da tsohuwar ba ta zame a kan ƙanƙara ba a hanyar garken shanu, ƙugunta ya karye, da har yau uwa da 'ya gaisuwar surukai suke yi. Raushan ta ga tsohuwa a gadon asibiti, yarinya ba mai riƙo, uwa ba mai tsare ta, sai ta haɗa biyun ta kawo mana.

To, ƙanwar miji aka kawo mana, kuma ta san matsayinta. "Matar Yaya, shayin nan ya huce." "Matar Yaya, haka ake ninke bargo a gidanku?" "Bari Apa ta warke, duk zan gaya mata." Apa, wato Inna a bakinmu, tsohuwar take nufi. In za ta tashi sai ta dafa ƙugu ta ce wash Allah, irin na wadda ta yi shekara saba'in. Shinar kuwa, da yake matar ɗa ba ta kama sunan dangin miji, Gimbiya take ce mata, tana zuba mata shayi da hannu biyu. Matan gidan suna dariya har da riƙe ciki. Ni kam tausayi nake ji, sai in huce a kan albasa.

Makonnin farko sun yi wa Shinar tsanani. Rawar sanyi, amai, ƙafafu ba sa barin ta ta zauna wuri ɗaya. Wata rana da hantsi na kai mata romo, na tarar Balausa ta lulluɓe ta da barguna duka, ta hau kai ta zauna daram.

"Me kike yi haka?" na ce.

"Danne ta nake yi. In ba a danne ta ba karkarwa take yi. Raguwa ce, Gwaggo, amma Yayana ya riga ya auro, ya za mu yi?"

Daga ƙarƙashin bargon na ji wani sauti, na zaci kuka ne. Ashe dariya ce. Ranar ta shanye romon tas.

Kafin ƙanƙara ta narke, Shinar ta yi kumatu. Ta koyi yi wa yarinyar kitso ba tare da hannunta ya yi rawa ba, tana raka ta makaranta, tana taya ni murza taliya. Likitarmu ta ce in ta kai ƙarshen bazara a haka, za a sallame ta da ƙafarta ta ƙofar gaba. Ba wanda bai san abin da ya zaunar da ita ba. Katangarmu ko akuya za ta iya tsallake ta, amma mutum ba ya tsallake katanga da ƙanwar miji zaune a kansa.

Sai ga wata safiya tasi ta tsaya a ƙofar gida. Sanda ce ta fara fitowa, sannan farin ɗankwali, sannan wata 'yar gajeriyar tsohuwa mai haƙorin zinare guda. Direban ya sauke buhu biyu yana nishi.

"Wace ce babba a gidan nan?" ta ce da ni.

"Likita ta fita, Apa."

"Ba ita na tambaya ba. Wa ke riƙe da tukunya?"

"Ni ce."

"To ke ce babba. Karɓi. Rago ne na yanka don tashina daga jinya, ki sa a sanyi. Wancan baursak ne, fanken gida, soyawar jiya, kar ki bari su yi tauri. Na zo ɗaukar autata."

Balausa ta fito a guje ta faɗa jikinta, saura kaɗan ƙugun ya koma inda ya fito. Shinar ta biyo a hankali, ta gyara ɗankwali, ta rusuna. Fuskarta ta koma irin ta ranar da aka kawo ta.

"Kin yi ƙiba, kelin," in ji Ulbosin tana dubanta sama da ƙasa. Haka uwar miji ke kiran matar ɗa a wurinmu, ko da matar ta yi furfura. "Ashe ciwon naki na hutu ne. Da na sani da nan aka kawo ni da ƙuguna."

Likita ta dawo ta ce ba mai fita da yaro daga gidan nan sai da sanin Malama Raushan, ita kuma sai ƙarshen mako. Ulbosin ta ce ai ba gaggawa, shanunta suna hannun maƙwabta. Ta ja kujera ta kafa a kicin ɗina, kusa da murhu, daidai inda nake wucewa.

Kwanakin nan na ga ta kaina. A cewar tsohuwar, kwaɓina ya yi ruwa. Taliyata kauri gare ta, a Karasu da irinta ake toshe taga. Wuƙata ba ta yanka ko man shanu. Da safe, lokacin da matan ke zama da'ira da likita kowa ta faɗi abin da ke damunta, sai ta ɗauka hira ce ta mata, ta dogara sanda ta shiga. Kafin likita ta yi magana ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambayar dangi da kakanni, kuma ba wadda ta tsira, duk sai da ta samo inda suka haɗa jini. Wata ta ce mijinta ne ya koya mata sha.

"Ɗan gidan wa?" in ji Ulbosin. Aka gaya mata. "Na san kakansa. Shi ma doki ke kai shi gida, ba shi ke kai doki ba. Ba laifinki ba ne, 'yata, amma ki daina, kin ji?"

Matan suka so ta kamar me. Ni ma, in faɗi gaskiya, da ba don abin da ya kawo ta ba.

Na sami Shinar a bayan gida tana shanya kayan yarinyar. Na ce mata, "Ke, in Raushan ta zo ki buɗe baki ki ce a'a. Ke kika haife ta, doka tana bayanki."

"Da wane bakin, Yaya Kulpan?"

"Da wannan da kike cin taliyata da shi."

"Apa ce ta yi rainon. Ita ta tauna mata abinci, ita ta kwana a zaune da ta yi ƙyanda. Ni ina gida ɗaya da su, sai dai in ji kukanta ta bango in juya. Yanzu don na yi mata kitso na wata uku sai in ce tawa ce?"

"In ta tafi, ɗakin ma ya tafi. Babban asibiti za a mai da ke. Kin san abin da za ki yi a can."

"Na sani," ta ce. Ta ci gaba da shanya, tana miƙar da 'yar safa ɗaya kamar za ta yage ta.

Raushan ta zo ranar Juma'a da rana. Aka tura Balausa wasa, aka zauna a ɗakin cin abinci, Shinar na zuba shayi, ni kuma na sami wani tebur da ke matuƙar buƙatar gogewa. Raushan ba baƙuwa ba ce, ita ma kakarta ta raine ta, ta san ba a tambayar matar ɗa komai a gaban uwar miji. Ta yi iya dabararta.

"Apa, ko za ki ɗan huta a ɗakin likita? Akwai kujera mai laushi."

"Ƙuguna ya riga ya zauna, 'yata. In ya zauna ba ya son a tashe shi."

"To Shinar, zo mu ɗan leƙa ɗakinku."

"Kelin tana zuba shayi," in ji Ulbosin. "Sai dai ke za ki zuba mini."

Raushan ta ajiye kofinta. "To shi ke nan, a nan zan tambaya. Shinar, ke ce mahaifiya, maganarki ce magana. In kin ce yarinya ta zauna, ta zauna, tallafi ya ci gaba, ki ƙarasa maganinki. In kin ce ta bi Apa, ba zan hana ba, gida ne mai kyau. Amma ɗakin zai koma hannun wata. Me kika ce?"

Na daina goge tebur. Shinar ta cika wa tsohuwar madara a shayi, ta miƙa mata da hannu biyu, idonta a ƙasa.

"'Yar Apa ce," ta ce. "Ni matar yayanta ce kawai."

Wallahi ji na yi kamar in jefe ta da tsumman. Raushan ta rufe ido na ɗan lokaci. Na dubi Ulbosin in ga murmushin wadda ta ci nasara, sai na ga ta riƙe kofin a iska, ba ta sha ba, ba ta ajiye ba.

"To," in ji Raushan, "gobe zan zo in sallame ku."

"Da azahar za ki zo," in ji tsohuwar. "Ba a barin gida da rago a cikin sanyi. Kowa zai ci, har ke da takalminki."

Washegari na tashi da fushi, na sauke shi a kan tukwane. Ulbosin ta riga ni zuwa kicin, ta sa an ɗora babbar tukunya, tana zaune tana kwashe kumfar romo da ludayi. Na yi ta buga murfi har ta ɗago.

"Ke Kulpan, in magana ce a bakinki ki tofar, kar ki fasa wa mutane kaya."

"Zan tofar kuwa. Apa, ke da ko ruwa ba ki iya ɗauka, wa zai riƙe wa a Karasu? Kin ga yadda Shinar ta miƙe. Kin san ran da aka mai da ita asibiti ran nan za ta gudu. Kuma kin zauna jiya kin bar ta ta yi musun 'yar cikinta a gaban mutane."

"Ni na sa ta?"

"Zamanki ya sa ta."

Na zaci za ta ɗaga sanda. Sai ta ci gaba da kwashe kumfa.

"Kin san Turar?" ta ce.

"Ina zan san shi?"

"Ɗana na fari. Ko in ce ƙanen mijina, wai. Uwar mijina ta karɓe shi ran da aka yi kwana arba'in. Yanzu ya haura hamsin, da teɓa da mota. Da nake kwance a asibiti ya zo duba ni, ya kawo lemo. Wata ma'aikaciya ta ce masa, Malam, mahaifiyarka ce? Ya ce a'a, matar yayana ce, amma muna shiri sosai." Ta yi dariya har haƙorin zinaren ya fito. "Muna shiri sosai! Kuma gaskiya ya faɗa, muna shiri. Ya san ni na haife shi, tun yana saurayi ya sani. Bakinsa ne bai iya ba. Ni ma nawa bai iya ba."

Na hau yanka albasa.

"Da aka haifi Balausa na ce to, nawa lokacin ya zo. An karɓi nawa, ni ma na karɓa, haka aka gada. Kuma na ji daɗinta, Kulpan. Tsohona ya rasu, gidan ya yi mini faɗi, ita ce surutun cikinsa. Jiya da kelin ta buɗe baki, na ji maganar da na yi ta faɗa shekara hamsin. Ko kalma ba ta canja ba, har da sunkuyar da kan."

"To me za ki yi?"

"Nama zan ci. Ƙara gishiri, romon nan kamar ruwan wanke hannu."

Da azahar muka haɗa tebura, matan gidan da yaransu duka, da likita, da Raushan. Jakar Balausa tana bakin ƙofa a ɗaure, Shinar ce ta haɗa ta tun da safe. Na shimfiɗa taliya a manyan faranti, na ɗora nama, na kwarara albasa da romo. Ba namiji a wurin, don haka Ulbosin ta karɓi wuƙa da kanta. Ta yanki kunnen rago ta raba wa yara don su riƙa jin magana. Ta ba likita ƙashin ƙugu na girmamawa, ta ce ta duba ko ya fi nata ƙwari. Ta tura wa Raushan rabonta da kitse, ta ce ta ci ta daina kama da sandar tuta. Kowa na dariya ban da Shinar, da ke can ƙarshen tebur kusa da butar shayi, ba ta taɓa komai ba.

Sai tsohuwar ta tono ƙashin ƙafar gaba daga cikin farantin, ta ɗora a ƙaramin kwano. Ta ce a miƙa. Kwanon ya bi hannu hannu, ya wuce yara, ya wuce ni, ta ce a ci gaba, har ya tsaya gaban Shinar.

Surutu ya mutu daga wannan gefen tebur zuwa wancan. Duk wadda ta tashi a ƙauye ta san ƙashin nan. In mutum zai karɓi riƙon 'ya mace, wannan ƙashi yake miƙa wa yarinyar a gaban shaidu. In ta karɓa, ta zama tasa.

"Kelin," in ji Ulbosin, "na tsufa, ƙuguna na ƙarfe ne yanzu. Autata tana buƙatar mai riƙo. Na duba dangi kaf, ban ga wadda ta fi ki rashin aikin yi ba. Ga shi kin iya kitso, ko da yake tsagar a karkace take. Ga shaidu, ga nama. Miƙa mata ƙashin."

Shinar ta kalli kwanon kamar garwashi ne a ciki. "Apa…"

"Kar ki ce mini komai. Riƙo na ba ki. Zancen wa ya haifi wa da mutane ke yi, ni ban san shi ba."

Raushan ta goge bakinta. "Apa, ni kuma me zan ce a ofis?"

"Ba kuɗin riƙo kuke bayarwa ba? To ki ce ya sami mai riƙo. Ci namanki."

Saura Balausa. Tana zaune kusa da tsohuwar, kunnen rago a hannu. Ita ma ta san ƙashin, ba abin da ya wuce ta a Karasu. Ta ajiye kunnen.

"Apa, kin gaji da ni ne?"

"Na gaji mana. Surutu gare ki, ga shura cikin barci." Muryar ta ɗan karye a ƙarshe, ta yi tari ta ɗora wa barkono laifi, alhali ban sa barkono ba.

"To wa zai riƙa miƙo miki sanda?"

"Zan rataye ta a wuya. Da hutu za ku zo, ku biyun, in ga ko ta rame da ke."

Yarinyar ta sauko daga kujera, ta zagaya teburin a hankali, hannu goye a baya, har ta tsaya gaban Shinar. Shinar ta ɗauki ƙashin. Ta miƙa wa yarinyar. Balausa ba ta karɓa ba tukuna.

"Matar Yaya, in na karɓa, ba za ki sake gudu ba? Don na ji lokacin da Apa ke gaya wa maƙwabta."

"Ba zan gudu ba."

"Ko na je makaranta ba mai danne ki?"

"Ko kin je makaranta."

Ta ɗan yi tunani, irin na mai taya saniya a kasuwa. Sannan ta sa hannu biyu ta karɓa, ta gatsa, mai ya gangaro mata har haɓa.

Shekara bakwai Shinar ba ta taɓa ɗaukar 'yarta a gaban uwar mijinta ba, ba ta taɓa shafa kanta ba, don abin kunya ne. Ranar ta jawo ta jikinta da ƙashin da man da komai, ta cusa hanci cikin gashinta ta shaƙa, ta sake shaƙa, kafaɗunta na girgiza. Rabin teburin na kuka. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, kuma ba albasa a kusa.

Ulbosin ta juya fuskarta wajen taga, ta turo mini kofinta.

"Kulpan, zuba mini shayi. Hannun kelin ɗina a cike yake."

Na ɗauki buta na zuba mata ɗan kaɗan a gindin kofi, yadda ake yi wa baƙon da ake so ya daɗe, a yi ta ƙara masa. Cikakken kofi na mai tafiya ne.

"Cika shi," ta ce.

"Apa, ki kwana mana. Gobe ma akwai mota."

"In na kwana zan fasa. Cika shi, ki aika a kira mini mai tasi."

Na cika shi har baki. Ta shanye ba ta juyo ba.